Me Ya Sa Wi-Fi Ke Yankewa Idan An Ɗaga Wayar Girke Marar Igiya? Ga Dalili, Ga Magani

Darasinmu na yau a kan wata matsala ce da ke ɓoyewa a gidaje da ƙananan ofisoshi, ta sa mutum ya yi ta zagin kamfanin layinsa ko ya sayi sabuwar rauta alhali ba can cutar take ba. Matsalar ita ce karon da ake yi tsakanin Wi-Fi da wayar girke marar igiya, wato irin wayar nan mai mazauni da ake jonawa da wuta, ka cire kanta ka yi ta yawo da shi cikin gida kana magana.

Kafin mu kai ƙarshe za ka san yadda ake gane ko wayar ce mai laifi, da yadda ake gyarawa ba tare da kashe ko sisi ba, da kuma irin wayar da ya kamata ka saya idan har sai an saya.

Yadda na gamu da ita

Akwai wani kawuna da ke da shagon sayar da kayan masarufi a kan sari. Na haɗa masa 'yar manhajar lissafin kaya, wadda ke zaune a kan kwamfuta ɗaya a ofishinsa, yaran shago kuma su riƙa shigar da ciniki daga wayoyinsu ta Wi-Fi. Shi ne aikina na farko da aka biya ni kuɗi a kansa, don haka ba ƙaramin ji da shi nake yi ba.

Ba a yi mako biyu ba ya kira ni. Ya ce, "Kai yaro, abin nan naka fa yana cinye mana ciniki. Yaro zai shigar da kaya, ya tsaya yana juyawa, daga baya a duba a ga babu."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, gobe da safe ina nan tafe."

Kwana uku ina bin manhajar layi-layi ban ga komai ba. Idan ina zaune komai lafiya lau, da na tafi sai a kira ni. A rana ta huɗu Kawu ya ce idan abin ya gagara za su koma littafi da biro, kuma na san ma'anar wannan magana. Ina zaune ina tunanin ta inda zan fara maido da kuɗin da na riga na kashe, sai wayar ofis ta yi ƙara. Kawu ya ɗauka yana magana da wani direba. A daidai lokacin wani yaro ya leƙo ya ce abin ya sake tsayawa. Kawu na ajiye waya, komai ya dawo.

Na ɗaga mazaunin wayar, wanda ke zaune daram a kan rautar, na juya bayansa. Ga rubutu nan ƙarara: 2.4 GHz. Kwana uku ke nan na bar jaki ina dukan taiki.

Menene 2.4 GHz?

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san cewa kowace tasha tana da mitar da ake kama ta. Idan tashoshi biyu suka zo mita ɗaya, ko suka matsu da juna, sai ka ji muryoyi sun hau kan juna. Wi-Fi ma rediyo ne, wayar girke marar igiya ma rediyo ce. Bambancin kawai shi ne mitarsu ta yi sama sosai. Gidajen rediyon FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, shi kuwa Wi-Fi na yau da kullum yana tsakanin megahaz 2400 da 2483.5. Wannan tsakanin shi ake kira zangon gigahaz 2.4, a taƙaice 2.4 GHz.

Asalin wannan zango ba don sadarwa aka ware shi ba. A shekarar 1947, a taron hukumar sadarwa ta duniya ITU da aka yi a birnin Atlantic City na Amurka, aka keɓe shi tare da wasu zanguna don na'urorin masana'antu da na kimiyya da na asibiti, irin waɗanda ke amfani da igiyar rediyo wajen ɗumama abu. Shi ya sa na'urar ɗumama abinci ta maikrowef take aiki a kan megahaz 2450 har yau. A 1985 hukumar sadarwar Amurka FCC ta ba da damar a yi sadarwa a cikinsa ba tare da lasisi ba. Tunda fili ne na kyauta, kowa ya kawo kayansa: ƙa'idar Wi-Fi ta farko ta fito a 1997, wadda ta yi farin jini mai suna 802.11b ta biyo baya a 1999, Bluetooth ya shigo, su ma masu ƙera wayar girke marar igiya suka shigo a ƙarshen shekarun 1990.

Sharaɗin zama a wannan fili shi ne babu wanda zai kai ƙarar wani. Idan maƙwabcinka ya dame ka, kai za ka nemi mafita.

Me ya sa Wi-Fi ne ke shan kashi?

A nan ne asirin yake. An gina Wi-Fi da ladabi. Kafin kowace na'ura ta tura saƙo, sai ta saurara ta ji ko wani yana magana a kan tashar. Idan ta ji motsi sai ta dakata na ɗan lokaci, ta sake saurarawa. Idan ta tura saƙo ba a amsa mata cewa ya isa ba, sai ta sake turawa, kuma sau da yawa ta rage gudu don saƙon ya fi fita sarai.

Ita kuwa tsohuwar wayar 2.4 GHz ba ta san wannan ƙa'ida ba. Murya ba ta jira, don haka da an ɗaga kan waya, ita da mazauninta za su yi ta watsa sigina har a gama magana. Ka ɗauka ana hira a zaure, kowa na jiran wani ya gama kafin ya sa baki, sai mai tallan magani ya zo ƙofar zauren ya kunna lasifika. Masu hira ko dai su yi shiru, ko su yi ta maimaita magana ɗaya.

Wannan ne ya sa alamar Wi-Fi a wayarka za ta nuna a cike, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sandunan nan ƙarfin muryar rauta kawai suke aunawa, ba sa auna hayaniyar da ke kewaye da ita. Wani lokaci ita ma wayar tana ɗanɗana kuɗarta, ka ji ƙas-ƙas ko murya na yayyankewa idan ana sauke babban fayil.

Ba kowace waya ce mai laifi ba

Kafin ka zargi wayarka, juya mazauninta ka karanta takardar da ke manne a ƙasa, ko ka duba kwalinta, ko cikin ramin batir. Ga abin da za ka iya gani:

1. 46/49 MHz. Tsofaffi ne tun na shekarun 1980, masu doguwar eriya. Ba ruwansu da Wi-Fi, amma muryarsu a buɗe take, mai rediyon da ya dace zai iya sauraren hirarka.

2. 900 MHz. Ba sa taɓa Wi-Fi. Sai dai na kasuwar Amurka suna aiki tsakanin megahaz 902 da 928, wanda ya shiga cikin zangon GSM 900 da layukan salula ke amfani da shi a ƙasashenmu.

3. 2.4 GHz. Waɗannan su ne manyan masu laifi.

4. 5.8 GHz. A nan sai an yi hattara. Wasu daga cikinsu mazaunin ne kawai ke magana a kan 5.8, shi kuwa kan wayar ya mayar da amsa a kan 2.4 ko 900, don batir ya daɗe. Ka ga rubutun kwali bai faɗi duka labarin ba. Waɗanda ke kan 5.8 zalla kuma suna iya taɓa manyan tashoshin Wi-Fi na zangon 5 GHz, daga ta 149 zuwa ta 165.

5. DECT. Ƙa'ida ce da cibiyar ETSI ta Turai ta fitar a 1992, aka ba ta zangonta ita kaɗai daga megahaz 1880 zuwa 1900. Tana nesa da Wi-Fi, ba sa haɗuwa ko kaɗan.

6. DECT 6.0. Ita ce DECT ta Amurka da Kanada, tana aiki daga megahaz 1920 zuwa 1930. Lambar 6.0 sunan talla ne kawai, ba gigahaz 6 ba ne. Ita ma ba ta taɓa Wi-Fi, amma akwai magana a kanta nan gaba.

A lura, wayar tebur mai ɗaukar layin salula, wadda kanta ke haɗe da igiya mai murɗe-murɗe, ba ta cikin wannan lissafi. Ita da turken kamfanin waya take magana, kamar kowace salula.

Gwajin minti biyar

Kada ka sayi komai sai ka gwada. Abin da kake buƙata shi ne kwamfuta da ke haɗe da Wi-Fi ɗin, da mutum ɗaya da zai riƙe waya.

Mataki na 1: Nemo adireshin rautarka. A kan Windows danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, danna Enter. A baƙin allon da zai fito rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin. Yawanci za ka ga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a kan na'urorin Huawei masu layi kuma 192.168.8.1.

Mataki na 2: Rubuta ping -t sannan adireshin, misali ping -t 192.168.8.1. Kwamfutar za ta riƙa ƙwanƙwasa wa rautar ƙofa duk daƙiƙa, tana nuna tsawon lokacin da amsa ta ɗauka. Idan komai lafiya, za ka ga ƙananan lambobi, galibi ƙasa da 10ms.

Mataki na 3: Buɗe baƙin allo na biyu, rubuta ping -t 8.8.8.8. Wannan adireshin wata sabar Google ce, don haka yana auna hanyar da ta fita waje zuwa intanet.

Mataki na 4: Bar su su yi minti ɗaya, sannan a yi kira da wayar na minti ɗaya, a ajiye. Maimaita sau uku. Idan ka gama danna Ctrl da C don tsayarwa. Masu Linux ko Mac ba sa buƙatar -t ɗin. Idan babu kwamfuta, manhajar Termux a kan Android tana yin wannan aiki.

Yanzu ga fassarar abin da ka gani.

Idan da an ɗaga waya allon farko ya fara nuna lambobi ɗari-ɗari ko Request timed out, da an ajiye kuma ya dawo daidai, to katsalandan ne na rediyo. Don ka tabbatar, jona kwamfutar da rauta ta kebul ka maimaita. Idan ta kebul lafiya lau, magana ta ƙare.

Idan allon farko bai motsa ba amma na biyu ya yanke, Wi-Fi ɗinka kalau yake, matsalar tana kan layin da ke kawo intanet. Wannan na faruwa ta hanya biyu. Ta farko, idan wayar tana jone da rauta mai ɗaukar layin salula, da yawa daga irin waɗannan na'urori suna sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G idan kira ya shigo, sai data ta yi rauni ko ta tsaya har a gama. Maganin wannan shi ne rauta da layi masu goyon bayan VoLTE, ko a ware wa kira layinsa daban. Ta biyu, ga waɗanda ke samun intanet ta layin tarho na ADSL, rashin 'yar matatar nan da ake sawa tsakanin soket da waya, ko lalacewarta, yana yanke intanet duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Idan babu allon da ya motsa, wayar ba ta da laifi. Ka tsallaka zuwa sashen sauran masu hayaniya.

Ƙarin dabara: idan wayar tana da kai biyu, kira ɗaya daga ɗayan ta hanyar kiran cikin gida. A nan ba a taɓa layin waje ba sam, don haka idan Wi-Fi ya rikice ka san rediyo ne zalla. Sannan wasu mazaunan suna watsa sigina ko ba a kira. Idan Wi-Fi ɗinka kullum a gajiye yake, zare mazaunin daga wuta, cire batirin kan wayar, ka ga ko za a samu canji.

Abin da manhajar duba Wi-Fi ba za ta nuna maka ba

Akwai manhajoji irin su WiFi Analyzer da ke zana maka duk Wi-Fi ɗin da ke kusa da tashar da kowanne yake kai. Suna da amfani ƙwarai wajen kauce wa rautar maƙwabta. Amma ba za su nuna maka wayar girke ba, domin abin da ke magana da harshen Wi-Fi kawai suke ji. Tasha za ta iya bayyana fayau a kan manhajar alhali waya ta cika ta da hayaniya. Na'urar da ke ganin kowace irin sigina daban take, kuma tana da tsada. Gwajin ping ɗin da muka yi ya ishe ka.

Magani na farko: raba su

Wannan kyauta ne, kuma shi ya kamata a fara yi. Ƙarfin siginar rediyo yana raguwa da sauri idan aka yi nisa. A fili, idan ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin da ke isowa zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka ninka sau goma, zai koma kashi ɗaya cikin ɗari. Ka ga mazaunin da ke taku ɗaya daga rauta, idan ka mayar da shi taku goma, ka yi babban aiki.

Abin da ke sa mutane su ajiye su wuri ɗaya shi ne gajartar igiyar tarho da ƙarancin soket. Doguwar igiyar tarho ba ta da tsada a wurin masu kayan lantarki. Kai mazaunin wani ɗaki idan zai yiwu. Ita kuma rauta a ɗora ta a sama, a tsakiyar gida, ba a ƙasa ba, ba bayan talabijin ko cikin kabad na ƙarfe ba.

Ka tuna shi ma kan wayar yana watsa sigina. Idan kana magana da shi a gaban kwamfutarka, ka kawo mata lasifikar har kunne.

Magani na biyu: canza tasha

An raba zangon 2.4 GHz zuwa tashoshi. A yawancin ƙasashe 13 ne, a Amurka 11. Tasha ta 1 tana kan megahaz 2412, kowace mai bi mata kuma tana ƙara 5. Matsalar ita ce siginar Wi-Fi tana cin faɗin megahaz 20 zuwa 22. Kamar a ce an yanka rumfunan kasuwa taku biyar-biyar, amma tabarmar kowane ɗan kasuwa taku ashirin ce. Dole a hau kan juna. Shi ya sa aka fi amfani da guda uku da ba sa taɓa juna: ta 1 a kan 2412, ta 6 a kan 2437, da ta 11 a kan 2462.

Ga yadda ake canzawa:

1. Buɗe burauza, rubuta adireshin rautar da ka samo ɗazu.
2. Shigar da suna da kalmar sirri. Idan ba a taɓa canza su ba, suna rubuce a jikin rautar.
3. Nemi sashen Wireless ko WLAN, sannan Channel.
4. Cire shi daga Auto, zaɓi 1, ka adana.
5. A wurin faɗin tasha zaɓi 20 MHz maimakon 40. Faɗin 40 yana cinye kusan rabin zangon baki ɗaya, ka ga ya fi saurin cin karo da wani.
6. Maimaita gwajin ping. Idan ba a dace ba gwada 11, sannan 6.

Sai dai wannan magani ba ya yi wa kowace waya aiki. Akwai wayoyin da ke zama a wuri ɗaya cikin zangon, wasunsu ma suna da maɓalli mai rubutun CH ko Channel da ke matsar da su. Irin waɗannan ana iya kauce musu. Akwai kuma masu tsalle-tsalle, waɗanda ake rubuta wa FHSS, da ke canza mita sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya a faɗin zangon duka. Su kam duk tashar da ka koma za su same ka. A shagon Kawu irin wannan ce, na zagaya 1 da 6 da 11 duk a banza.

Magani na uku: koma zangon 5 GHz

Idan rautarka mai zango biyu ce, ka huta. Za ka gane ta idan an rubuta Dual Band ko AC a jikinta, domin ƙa'idar 802.11ac ta shekarar 2013 a kan 5 GHz kawai take aiki. Kunna zangon a cikin saiti, ba shi suna daban da na 2.4, sannan ka mayar da kwamfuta da wayoyi kansa. Idan wayar girkenka mai 5.8 ce, zaɓi ƙananan tashoshi, wato 36, 40, 44 ko 48.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, 5 GHz ba ya ratsa bango kamar 2.4. A gidan bulo da siminti, musamman mai dakin, yana iya gajiya bayan ɗaki ɗaya ko biyu. Na biyu, ba kowace na'ura ke ganinsa ba. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa, da firintoci, da kyamarorin tsaro, da ƙananan MiFi, 2.4 kawai suka sani.

Kada kuma rubutun 5G da wasu rautoci ke liƙawa a ƙarshen sunan Wi-Fi ya ruɗe ka. Gigahaz 5 ake nufi, ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin salula.

Magani na huɗu: kebul

Duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar tebur, talabijin, na'urar naɗar hotunan kyamara, ko kwamfutar da ke riƙe da bayanan shago, a ja masa kebul. Kebul na Ethernet yana kai mita 100 ba tare da matsala ba, kuma babu ruwansa da hayaniyar waya. Duk na'urar da ka sauke daga iska, ka rage wa saura cunkoso.

Magani na biyar: canza wayar

Idan wayar mai tsalle-tsalle ce, kuma kana da na'urorin da dole sai 2.4, duk abin da ke sama rage zafi ne. Maganin dindindin shi ne a raba musu zango, wato a sayi DECT. Tana kai kimanin mita 50 a cikin gini, har zuwa 300 a fili, kuma tana zaɓar wa kanta mitar da babu kowa a cikin zangonta. Panasonic da Gigaset da Philips duk suna ƙera ta.

A nan ne masu son kayan gwanjo za su buɗe ido. Da yawa daga wayoyin 2.4 da 5.8 da ke yawo a kasuwanninmu tsofaffi ne da aka daina yayi a ƙasashen da suka fito. Sannan ba kowace DECT ce ta dace da mu ba. DECT 6.0 ta Amurka tana zaune a kan 1920 zuwa 1930, kuma daga 1920 zuwa 1980 nan ne salularmu ke aika saƙo zuwa turke a tsarin 3G na zangon 2100. Ka ga ka gyara Wi-Fi ɗinka, ka koma kana damun sabis ɗin unguwa, ita ma wayar ba za ta ji daɗi ba. Hukumomin sadarwa, NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar, su ke da alhakin amincewa da irin na'urorin da za a yi amfani da su, kuma saye daga dila na ƙwarai ya fi kwanciyar hankali.

Kafin ka biya kuɗi duba abu uku:

1. A ga an rubuta DECT tare da 1880 zuwa 1900 MHz, ko 1.88 zuwa 1.9 GHz. Idan ka ga 6.0, ajiye ta.
2. Duba cajar. Wutarmu 230V ce, ta Amurka 120V. Cajar da aka rubuta wa 120V kaɗai za ta ƙone da ka jona ta.
3. Tabbatar ana samun batirinta. Masu cin ƙananan batura na AAA da ake cajawa sun fi sauƙin sha'ani.

Ko DECT ce, kada a ɗora mazauninta a kan rauta. A ba su tazarar ko da mita ɗaya, domin na'urorin rediyo biyu manne da juna ba sa rasa damun juna.

Sauran masu hayaniya

Idan gwaji ya wanke wayar, ga waɗanda za ka bincika da irin wannan gwaji na kunnawa da kashewa:

Maikrowef. Mitarsa ta 2450 ta faɗo tsakanin tasha ta 8 da ta 9, don haka tasha ta 1 ta fi nisa da shi. Idan Wi-Fi na yankewa lokacin ɗumama abinci, ka san inda za ka duba.

Kyamarori marasa igiya da na'urar sauraren jariri. Masu aiki a kan 2.4 suna iya fin waya ɓarna, domin ba sa hutawa dare da rana.

Bluetooth. Yana tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1600 a daƙiƙa, amma tun daga siga ta 1.2 ya koyi kauce wa inda Wi-Fi yake, don haka damuwarsa kaɗan ce.

USB 3.0. Kamfanin Intel ya fitar da bayani a 2012 cewa ramuka da igiyoyin USB 3.0 suna fitar da hayaniya a yankin 2.4 GHz. Idan ka jona ma'ajiyar bayanai ta waje kusa da 'yar na'urar kama Wi-Fi ko ta linzamin kwamfuta, ka nisanta su da doguwar igiya.

Rautar maƙwabta. A gidan haya ko rukunin shaguna wannan ya fi kowanne yawa, kuma a nan ne WiFi Analyzer zai yi maka rana.

Yadda ta ƙare a shagon Kawu

A ranar na ja wa kwamfutar ofis kebul, na sayo doguwar igiyar tarho na mayar da mazaunin wayar can kusa da ƙofa. Abin ya ragu sosai, amma idan Kawu ya shiga cikin sito yana waya kusa da yara, sai ya dawo. Wayoyin yaran kuma yawancinsu ba sa ganin 5 GHz. Na yi masa bayani, na nuna masa allon ping yana kallo, na ce ya ɗaga waya ya gani da idonsa. Ya ɗaga, ya ajiye, ya sake ɗagawa.

Ya ce, "Ashe wannan 'yar abar ce? Ni da na saye ta don na ga araha."

Bayan kwana biyu aka kawo DECT. Ni ma na ɗauki nawa darasin, domin wayar ba ita kaɗai ce mai laifi ba. Manhajar da ke zubar da ciniki don sadarwa ta yanke na daƙiƙa talatin ba ta gama haɗuwa ba. Na koma na gyara ta yadda za ta ajiye abin da aka shigar a kan wayar yaro, ta sake turawa idan hanya ta buɗe, ta kuma nuna masa a fili abin da ya shiga da wanda ke jira. 'Yan'uwana masu haɗa manhaja, ku riƙe wannan.

A taƙaice

Juya mazaunin wayarka ka karanta mitarta. Yi gwajin ping da allo biyu kafin ka kashe kuɗi. Idan katsalandan ne, fara da nisanta su, sannan canza tasha zuwa 1 ko 6 ko 11 a faɗin 20 MHz, sannan 5 GHz da kebul. Idan duk ba su isa ba, nemi DECT mai 1880 zuwa 1900 MHz.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.